Mujallar gida, babbar ta waje, ko mai cewa "turo kuɗi mu buga cikin sati ɗaya": ina za ki kai muƙalarki?

Ƙanwata, tambayar da kika yi min ranar nan a bakin ofis ba ta amsuwa a tsaye, shi ya sa na ce ki bari in zauna in rubuta, kuma na ga gara in rubuta a fili tunda na san ba ke kaɗai ke cikin wannan halin ba, duk wata malamar kwalejin jinya ko lakcara a sashen nas da furomoshin ya tunkaro ta, maganar ɗaya ce. Kin gama bincikenki kan yadda ungozomomi a ƙananan asibitocin karkara ke gane alamun jijjiga ga masu juna biyu da abin da suke yi kafin su tura mace babban asibiti, kin rubuta, yanzu hanyoyi uku ne a gabanki. Ga wani imel da ya shigo miki yana ta yabon ki, wai sun san ke ƙwararriya ce, ki turo za su buga cikin kwana bakwai in kin biya dala ɗari da 'yan kai. Ga mujallar wata jami'a ta nan gida. Ga kuma manyan na waje irin su Journal of Advanced Nursing da BMC Nursing da kike jin tsoron ma tunkararsu. Kuma wata shida ya rage a rufe karɓar takardun ƙarin girma.

Kafin in shiga ɗaya bayan ɗaya bari in faɗa miki ma'aunin da ni nake amfani da shi, don in ba ki gane shi ba duk sauran bayanin zai zama kamar lissafin kuɗi da kwanaki kawai. Tambaya biyu nake yi wa kowace mujalla. Ta farko, akwai wani masani da zai zauna da gaske ya karanta aikin nan ya nemi kuskurensa kafin a buga? Ta biyu, in bayan an buga aka gano akwai ɓarna, mujallar tana da hali da niyyar fitowa ta ce mun yi kuskure, mun gyara ko mun janye? A fagenmu wannan ba wasa ba ne. Ki tuna sinadarin magnesium sulphate da ungozomominki ke amfani da shi, babban gwajin nan mai suna Magpie da ya fito a babbar mujallar likitanci ta Lancet a 2002, mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, shi ya tabbatar cewa maganin na rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, daga takarda ya shiga ka'idojin aiki, daga ka'idoji ya shiga hannun ungozoma a ɗakin haihuwa. Hanyar da gaskiya ke bi ta isa ga majinyaci, ita ce dai hanyar da ƙarya ma za ta bi in aka bar ta ta wuce.

To mu fara da mai imel ɗin, don ita ce ta fi jan hankali in mutum na cikin matsi.

Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver a Amurka, Jeffrey Beall, shi ya fara tattara sunayen irin waɗannan mujallun wajen 2010, ya kira su mafarauta, jerin nasa ya yi suna sosai har aka sauke shi a Janairun 2017. Ni dai "biya-a-buga" nake ce musu don aikinsu ke nan. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya yi musu gwaji ya buga sakamakon a mujallar Science. Ya ƙirƙiri muƙalar bogi kan wani sinadari wai yana hana ƙwayoyin kansa girma, da gangan ya cika ta da kurakuran da duk wanda ya san aikin zai gani, ya tura wa mujallu 304, sai ga 157 sun ce sun karɓa, 98 ne suka ƙi. Abin da ya fi tsaya min a rai a wannan labarin shi ne sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙirƙira na Afirka ne, ma'ana da rigar irin mu ya shiga. Kuma kar ki ce ai wannan a fannin magunguna ne bai shafi jinya ba, Marilyn Oermann ta Jami'ar Duke da abokan aikinta a 2016 sun ƙirgo mujallun jinya na irin wannan har 140 daga kamfanonin bugawa 75. Ƙungiyar editocin mujallun jinya ta duniya, INANE, tun 2014 ta fitar da gargaɗi a kansu. Har kotu ma an je, a 2019 wata kotu a Amurka ta ci tarar kamfanin OMICS na Indiya fiye da dala miliyan 50 saboda yaudarar masu bincike kan batun tantancewa da kuɗin bugawa.

Me za ki samu a wajensu? Sauri, da takardar karɓa mai tambari, da kalmar "International" a jikin sunan mujallar, shi ke nan fa. Me za ki rasa? Na farko aikin kansa, domin da zarar sun ɗora shi a shafinsu ya zama an buga, babu mujallar kirki da za ta sake karɓa, in kika ce su cire wasu sai sun nemi wani kuɗin, wasu kuma ko amsa ba za su yi ba. Na biyu, shafin na iya ɓacewa bayan shekara biyu ki nemi aikinki sama ko ƙasa ki rasa. Na uku kuma kwamitocin ƙarin girma sun fara wayewa, masu tantancewa na waje da ake kai wa takardun manyan muƙamai sun san sunayen nan, wani lokacin muƙala ɗaya irin wannan sai ta sa a fara kallon sauran aikinki na gaske da shakku. Na san wani abokin aikinmu, mutumin kirki mai ƙoƙari, da ya zuba muƙalu huɗu a irin waɗannan ba da sanin ko su waye ba, da aka zo lissafi ba a ƙirga masa ko ɗaya ba, kuma bayanan da ya sha wahalar tarawa sun tafi ke nan. Wallahi har yau abin na damu na in na tuna, don ba ha'inci ya yi ba, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani ne.

Gane su ba wuya in kin natsu. Su ke neman ki ba ke ke neman su ba, kuma imel ɗin cike da fadanci. Mujalla ɗaya ta ce tana buga jinya da noma da injiniyanci da tattalin arziki duk a tare. Su sa sunayen manyan furofesoshi a matsayin editoci, ki ɗauki suna ɗaya ki duba shafin jami'arsa ko lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, ki ga ko ya ambaci mujallar, sau tari bai ma san an sa shi ba. Su ce muna Google Scholar, alhali Google Scholar ba ya tantance kowa, kwasowa kawai yake yi. Su rubuta wani adadi su kira shi impact factor, wato ma'aunin yawan ambaton muƙalun mujalla, alhali na gaskiyar kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi, kuma ana iya dubawa. In sun ce suna Scopus ko DOAJ, rumbunan da ke tantance mujalla kafin su yi mata rajista, kar ki yarda da tambarin da suka manna a shafinsu, ki je shafin Scopus ɗin ko na DOAJ da kanki ki sa suna ko lambar ISSN, wato lambar rajistar mujallar, ki kuma kwatanta adireshin intanet ɗin da ke can da wanda aka turo miki, don akwai masu satar sunan mujallar gaske su buɗe shafin bogi mai kama da nata sak. Akwai wani shafi Think. Check. Submit. da aka buɗe a 2015, tambayoyi ne 'yan kaɗan, minti goma ya ishe ki.

Hanyar 'yan biya-a-buga dai ni a wajena a rufe take, ko da kwana uku ya rage a rufe furomoshin. Ainihin zaɓin tsakanin sauran biyun yake, kuma nan ne maganar ke da tsawo.

Manyan na waje, irin su International Journal of Nursing Studies ta kamfanin Elsevier, da Journal of Advanced Nursing da Journal of Clinical Nursing na Wiley, da Midwifery wadda ma ta fi dacewa da aikinki, da BMC Nursing, abin da suka fi kowa da shi shi ne tsari. Kusan dukkansu suna bin ka'idojin COPE, kwamitin ɗa'ar bugawa da wasu editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, da na ICMJE, ƙungiyar editocin mujallun likitanci da ta samo asali daga wani zama a Vancouver ta Kanada a 1978. Kina tura aiki, kafin ma ya je wajen masu duba, edita zai sa shi a manhajar gano kwafe, ya nemi lambar amincewar kwamitin ɗa'a, ya tambayi wa ya ba da kuɗin binciken, ya ga ko kin bi jadawalin rahoto da ya dace, STROBE in binciken tambayoyi da ƙidaya ne irin naki, COREQ in hira ce da tattaunawar rukuni, CONSORT in gwaji ne, PRISMA in tattara binciken wasu kika yi. In ya wuce nan sai a ba masana biyu ko uku, su dawo miki da shafi biyu ko uku na tambayoyi, me ya sa kika ɗauki wannan adadin mutanen, ta ya kika zaɓe su, takardar tambayoyin da kika fassara zuwa Hausa an sake mayar da ita Turanci don a ga ma'ana ba ta sauya ba? Ranar farko za ki ji zafi, amma gaskiya ni duk abin da na iya na rubutun bincike, rabinsa daga irin waɗannan wasiƙun na koya ba daga aji ba.

Sai dai akwai tsada ta fuska uku. Lokaci, daga turawa zuwa fitowa yana iya cin wata shida zuwa shekara har ma fiye, kuma wannan in an karɓa ke nan. Sai ƙi, manyan nan mafi yawan abin da ake turo musu mayarwa suke yi, da dama ma edita ne ke mayarwa cikin sati ɗaya ko biyu ba tare da ya kai wa kowa ba, kuma binciken "sani da ra'ayi da aiki" na ƙaramar hukuma ɗaya, wanda shi muka fi yi a nan saboda shi kuɗinmu ke iya ɗauka, sau da yawa sai su ce bai kawo sabon abu ga masu karatunsu na duniya ba. Ba wai aikin ba shi da kyau ba ne, ba shi suke nema ba ne. Sai kuɗi, kuma nan mutane ke ruɗewa. Masu buɗaɗɗen karatu irin BMC, waɗanda kowa ke karanta muƙalunsu kyauta, kuɗin bugawarsu ya haura dala 2,000, wanda a canjin yau ya fi albashin watanni da yawa, amma suna da rangwame ko yafiya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 'yan uwanmu na Nijar da Chadi sun fi samun cikakkiyar yafiya, mu na Najeriya sai an duba sharaɗin kowane kamfani, kuma a lokacin turawa ake nema ba bayan an karɓa ba. Abin da da yawa ba su sani ba kuma, mujallu da dama na Elsevier da Wiley suna da hanyar da marubuci ba ya biyan ko sisi, sai dai mai karatu ne ko laburarensa zai biya. Don haka zancen wai bugawa a waje sai mai dala ba gaskiya ba ne gaba ɗaya. Illar wannan hanyar kyautar ita ce ungozomar da kika yi binciken dominta ba za ta iya buɗe muƙalar ba sai in cibiyarta na da damar Hinari, shirin sauƙaƙa wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi karanta mujallun lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002.

Kar kuma ki ɗauka girman suna na nufin ba a kuskure. Lancet ce ta buga muƙalar Andrew Wakefield a 1998, yara 12 kacal, da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 2010, bayan iyaye da yawa sun guji rigakafi ƙyanda ta dawo. Ita ce kuma a lokacin korona a Mayun 2020 ta buga wani bincike kan maganin hydroxychloroquine da aka ce an tattaro daga majinyata kusan 96,000, cikin sati biyu aka janye don an kasa tabbatar da bayanan. A 2023 kamfanin Hindawi, wanda Wiley ta saya, ya janye muƙalu fiye da 8,000 saboda masu sayar da muƙalun bogi sun kutsa masa. Mujallar likitanci ta Birtaniya, BMJ, ma ta taɓa gwada masu duba nata, aka dasa manyan kurakurai tara a muƙala, a matsakaici kusan uku kawai kowane ya gano. To me ya bambanta su da 'yan biya-a-buga? Tambayata ta biyu. Waɗannan da aka gano sun janye, da sanarwa a fili, har shafin Retraction Watch da aka kafa a 2010 na ajiye lissafi kowa ya gani. Waccan mai imel ɗin ba za ta taɓa janye komai ba tunda tun farko ba ta karanta ba.

Yanzu na gida da na nahiyarmu, kuma nan nake so ki buɗe kunne don mun saba yi musu kuɗin goro, wasu su ce duk shirme ne, wasu su ce duk ɗaya ne da na waje, kuma duka biyun ba haka ba ne. Akwai na Afirka da suka kai matakin duniya. Annals of African Medicine da ke da tushe a Sakkwato tana MEDLINE, babban rumbun tantatattun mujallun lafiya, haka Nigerian Journal of Clinical Practice, ga African Journal of Reproductive Health ta birnin Benin na Najeriya wadda batun lafiyar mata masu ciki shi ne gidanta, ga African Health Sciences ta Makerere a Yuganda, ga Pan African Medical Journal da ke karɓar Turanci da Faransanci, ga Curationis ta Afirka ta Kudu wadda ta jinya ce zalla, ga International Journal of Africa Nursing Sciences. Waɗannan a ganina su ne tsaka-tsakin da mutane ke tsallakewa, suna cikin manyan rumbunan bincike, kuɗinsu bai kai na Turai ba, kuma editan ya san me ake nufi da ƙaramin asibiti mai ungozoma ɗaya ba wuta ba motar ɗaukar mara lafiya, ba sai kin ɓata sakin layi uku kina masa bayani ba.

Ƙasa da su sai mujallun tsangayoyi da ƙungiyoyin ƙwararru, da yawansu za ki same su a AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998 wanda yanzu yake Afirka ta Kudu. Shiga AJOL ba lambar yabo ba ce ta ƙarshe amma aƙalla an duba cewa mujallar na da editoci na gaske da tsarin tantancewa, suna ma da wani ma'auni na taurari da suke ba mujallu, ki duba shi. A nan inganci ya danganta da mutum ɗaya ko biyu, wato edita. Na taɓa tura aiki wata mujallar gida aka dawo min da gyara mai zurfin da ya fi na wata ta waje, na kuma taɓa tura wa wata aka dawo min da layi biyu, wai in gyara tsarin manazarta in biya kuɗi, ko teburin sakamakona ba a kalla ba. Matsalarsu ta gaske ba mugunta ba ce, ƙarancin hannu ne da kusanci. Masana fannin kaɗan ne, kowa ya san kowa, mai duba aikinki wataƙila ɗalibin mai kula da ke ne ko abokin hamayyarsa, edita na jin nauyin mayar da muƙalar shugaban sashensa, fitowa kuma sai kuɗi ya samu, mujallar da aka ce sau biyu a shekara sai ta yi shekara ɗaya da rabi shiru. Kafin ki tura, ki buɗe fitowa uku na baya ki duba. Suna fita a kan kari? Kowace muƙala na da lambar DOI, wato lambar dindindin da ake nemo ta da ita a intanet? An rubuta ranar da aka karɓi aiki da ranar da aka amince? Marubutan duk 'yan jami'a ɗaya ne ko akwai na wasu wurare? Muƙalun da suka shafi mutane sun ambaci kwamitin ɗa'a da lamba? In kin ga rabin muƙalun da sunan edita a ciki, ki nemi wata.

Wannan ya kawo ni kan salon tantancewar, don shi ma abin dubawa ne kuma kowace mujalla tana rubuta nata a shafin umarnin marubuta. Akwai wanda mai duba ya san sunanki ke ba ki san nasa ba. Akwai wanda duka an rufe, shi bai san ki ba ke ba ki san shi ba, kuma mujallun jinya da yawa wannan suke bi. Akwai kuma buɗaɗɗe, BMJ tun 1999 masu duba ke sa hannu da sunansu, wasu mujallun BMC kuma suna buga rahoton masu duba tare da muƙalar kowa ya karanta. Ga ƙaramar malama daga kwalejin da ba a san ta a waje ba, ni na fi son mai rufe duka biyun, saboda a karanta aikin kafin a ga daga ina ya fito, duk da dai a ƙaramin fage irin namu na gida rufewar ba ta cika rufuwa ba, ana ganin sunan garin da aka yi binciken an san waye. Buɗaɗɗen kuma amfaninsa gare ki tun kafin ki tura ne, ki shiga ki karanta rahotannin da aka yi wa muƙalu masu kama da taki, makaranta ce kyauta, kuma shaida ce a fili cewa ana dubawa.

Akwai kuma abubuwan da ko ina kika kai aikin suna wuyanki ne ba wuyan mujalla ba. Babbansu amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara tara bayanai, ba bayan an gama a je a roƙi takarda ba. Mu 'yan arewa bai kamata a tsaya yi mana dogon wa'azi kan wannan ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kuma rashin yardar da abin ya bari yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Yau muna da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da kundin ka'idojinsa na 2007, ga kwamitoci a asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi, ga Sanarwar Helsinki kan ɗa'ar bincike a kan mutane ta 1964 da aka sake sabuntawa a 2024. Ko tambayoyi kawai kika yi wa ungozomomi, mutane ne, wata amsar da ta bayar in ta fita da sunanta na iya jawo mata matsala a wajen aiki. Mujallar da ba ta tambaye ki wannan takardar ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki matsayinta.

Sai sunayen marubuta, wanda na san shi ne ya fi wuya a al'adarmu ta girmama na gaba. ICMJE sharaɗi huɗu ta gindaya kuma sai an cika duka, mutum ya ba da gudunmawa ta gaske wajen tsara binciken ko tara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutu ko gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi in matsala ta taso. Shugaban da ya ba da izini kawai, ko ƙawar da ta ce sa ni a naki in sa ki a nawa, wurinsu sashen godiya. Na san faɗar wannan ga oga ba sauƙi, dabarar da na ga tana aiki ita ce tun farko ki kai masa daftarin ki ce ranka ya daɗe ina so ka duba min sashen tattaunawa ka gyara, in ya yi ya cancanta da gaske, in bai yi ba kin samu abin faɗa cikin ladabi, manyan mujallu ma suna tambayar abin da kowane marubuci ya yi ɗaya bayan ɗaya. Haka ɗalibar da ta yi yawon ƙauyuka ta tara miki bayanai, in ta cika sharuɗɗan kar a bar ta a baya don ita ƙarama ce. Kar ki tura wa mujallu biyu lokaci guda don ki ga wadda za ta riga, kar ki yanka bincike ɗaya gida uku don adadi ya ƙaru. In kin yi amfani da ChatGPT ko makamancinsa wajen gyaran Turanci ki bayyana, amma ba ya zama marubuci, COPE da ICMJE duk sun faɗi haka a 2023, wata mujallar koyar da jinya ma, Nurse Education in Practice, ta taɓa sa shi a jerin marubuta daga baya ta gyara. Kuma duk manazartar da ya ba ki sai kin nemo ta da idonki, yana ƙirƙiro waɗanda babu su.

To wanne za ki ɗauka? Ki fara da karanta kundin ƙarin girma na wurin aikinki, ki ga maki nawa ake ba mujallar da ke Scopus ko MEDLINE ko rumbun mujallun jinya na CINAHL da wadda ba ta ciki, da ko ana karɓar takardar amincewa kafin muƙala ta fito, don wurare sun bambanta, 'yan uwanmu na jami'o'in Nijar ma nasu lissafin na CAMES ne, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Da shekara guda ce a gabanki kuma binciken ya haɗa jihohi da dama ko ya gwada wata sabuwar hanyar horar da ungozomomi, da sai in ce ki fara da Midwifery, ko sun mayar kin ci ribar gyara. Amma naki na ƙananan hukumomi biyu ne, wata shida gare ki, kuma waɗanda suka fi buƙatar sakamakon su ne masu tsara horon ungozomomi a jihohinmu, saboda haka ni da ni ce ke, ɗaya daga cikin na Afirkan nan masu rajista a manyan rumbuna zan fara kai wa a wannan satin, in rubuta wa edita tun farko in tambayi matsakaicin lokacin da suke ɗauka kafin hukuncin farko da maganar rangwame. In ajiye sunan mujallar gida guda ɗaya da na riga na bincika ta wuce tambayoyin can na sama, in ta farko ta mayar, a ranar zan gyara in tura wa ta biyun ba sai na tsaya jinya ba. In kuma duk da haka ba ta fito kafin a rufe ba, zagaye na gaba na nan, aikin kuma yana hannunki da darajarsa.

Ki turo min daftarin da takardar kwamitin ɗa'ar da jadawalin STROBE a cike kafin Alhamis, in sha Allah zan duba sashen hanyoyin bincike da teburan. Wancan imel ɗin kuma kar ki ba shi amsa ko da ta cewa ba kya so ce, in kika amsa sun san adireshin na aiki sai su ƙara turo wasu.